Araha Ba Ta Ado: Kwalekwalen 'Yan Yawon Buɗe Ido da Murjanin Zanzibar

Duk baƙon da ya sauka a wani otal na gaɓar Zanzibar, kafin ya kwana biyu sai an yi masa tayin fita teku. Tayin kusan iri ɗaya ne daga Nungwi har Fumba. Za a ɗauke shi da safe cikin ƙaramin kwalekwale mai inji, a kai shi wani lungun teku inda ruwa ke kwance kuma garau, a ba shi gilashin da ke rufe ido da hanci, da ɗan bututun da zai riƙe a baki yana numfashi, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai ya kwanta rub da ciki a saman ruwa yana kallon abin da ke ƙasa. Babu tukunyar iska a gadon baya, babu horon kwana da kwanaki irin na masu nutso. Idan aka ɗaura masa rigar da ke hana nitsewa, ko wanda bai taɓa iyo ba a rayuwarsa yana iya yi.

Wannan sauƙin shi ne albarkar sana'ar, shi ne kuma abin da ke neman kashe ta. Baƙin da suka shiga Zanzibar a shekarar 2024 sun haura 700,000, kuma da yawansu wurare ƙalilan suke nufa a cikin ruwa, a sa'o'i iri ɗaya na safiya. Tafiyar da ake sayar musu tana da kyau, ta cancanci a kare ta. Amma ba za ta ɗore ba sai an yarda da abu biyu da masu saye da masu sayarwa duka ba sa son ji: a ƙayyade yawan kwalekwalen da ke shiga wuri guda, kuma a biya ɗan jagora abin da zai ba shi ƙarfin cewa baƙo a'a. Dukansu biyu suna nufin farashi zai tashi.

Kafin a kai ga kuɗi, ya kamata a san abin da ake zuwa kallo. Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, jan dutsen ado da ake jerawa a zare. Na asalinsa daga teku yake, galibi daga Bahar Rum, kuma ƙashin wata halitta ce mai rai. Wanda ke gaɓar Zanzibar danginsa ne, sai dai ba a yin sarƙa da shi. Gini yake yi. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki, da yawansu ba su wuce ƙwayar gero ko dawa ba, suna zaune dubbai a haɗe, kowace tana fitar da farar ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta. Ɗaya ta mutu, wata ta ɗora a kan ƙashinta, har a samu tudu mai rassa da koguna wanda kifaye ke fakewa a ciki. Irin waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna dogara da su a wani mataki na rayuwarsu.

A cikin jikin murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta ba shi mafi yawan abincinsa, ita ce kuma ke ba shi launi. Shi ya sa yake tsirowa a ruwa marar zurfi mai ɗumi da haske, daidai inda ƙafar mutum ke iya kaiwa. Girmansa kuma a hankali yake. Mai rassa, wanda ya fi sauri, yakan ƙaru da kamar santimita 10 a shekara. Mai kama da curin dutse yakan yi shekara bai ƙara fiye da santimita ɗaya ba. Baƙon da ruwa ya shiga gilashinsa, ya firgita, ya miƙe tsaye don ya gyara, yana iya karya aikin shekara biyar da tafin ƙafarsa, bai ma san ya yi ba. Anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa don tsayar da jirgi, ta fi haka ɓarna, domin iska na kaɗa kwalekwalen, sarƙar kuma tana shara a ƙasa kamar garma. Yashin da takalman iyo ke tayarwa yana sauka a kan murjanin ya toshe masa haske. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zama bala'i idan sau ɗaya ya faru. Maimaituwarsu kullum, sau ɗaruruwa, a kan fili ɗaya, ita ce matsalar.

To me zai hana masu kwalekwalen su kiyaye wurin da suke ci daga gare shi? Amsar tana cikin yadda kuɗin ke tafiya. Baƙo ba kasafai yake ciniki da mai jirgi kai tsaye ba. Yakan biya a teburin otal, ko ya biya ɗaya daga cikin samarin da ke sintiri a bakin ruwa suna farautar baƙi, waɗanda mutanen gari ke yi wa laƙabi da papasi, wato kaska. Kowane hannu da kuɗin ya ratsa sai ya yanki rabonsa. A cire na mai, a cire na mai jirgi, a cire kuɗin shiga na hukuma, abin da ya rage wa matuƙi da ɗan jagora bai taka kara ya karya ba. Dogaronsu yana kan tukuicin da baƙo zai miƙa idan ya ji daɗi. Mutumin da abincin gidansa ke rataye a kan murmushin baƙo ba zai tsawata masa ba don ya taka murjani. Zai watsa wa kifi burodi su taru a yi hoto, ko da hakan na sauya musu ɗabi'a. Zai ciro tauraron teku daga ruwa ya ɗora masa a tafin hannu, alhali halittar ta cikin ruwa take numfashi. Ba mugunta ke sa shi ba, kuma wa'azi ba zai hana shi ba. Idan ya ƙi, kwalekwalen da ke gefensa zai yi, gobe kuma baƙin can za su tafi.

Wannan tsohon ciwo ne na duk abin da jama'a ke ci tare babu mai iko da shi, tun daga makiyaya har zuwa tafkin su. Wanda ya kame hannunsa shi kaɗai asara ya yi, domin abin da ya bari wani ne zai kwashe.

Tsibirin Mnemba, wanda ke daura da ƙauyen Matemwe a arewa maso gabashin Unguja, ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Tsibirin kansa yana hannun wani kamfani mai masauki na alfarma, kuma wanda ba baƙon masaukin ba ba ya taka ƙasarsa. Ruwan da ke kewaye da shi kuwa kowa na iya shiga, don haka ya zama wurin da aka fi kai masu kallon kifi a duk tsibirin. Shekara da shekaru kwalekwale suna cunkushe a kan ɗan ƙaramin fili, injuna na kuka, mutane na karo da juna a cikin ruwa, murjanin ƙasa kuma yana komawa tarkace. Wani rahoton BBC na 2024 ya bayyana matakin da aka ɗauka daga baya: an rage masu shiga yankin da aka keɓe daga kimanin 400 zuwa 80, an ɗaga kuɗin shiga daga dala 3 zuwa dala 25, ana kuma renon gutsattsarin murjani a kan ƙarafa a ƙarƙashin ruwa ana dasawa. Lissafin a nan abin lura ne. Mutum 400 a dala 3 sun ba da dala 1,200. Mutum 80 a dala 25 sun ba da dala 2,000. Ƙafafun da ke shiga ruwa sun ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kuɗin kuma ya ƙaru.

Wanda yake ganin ƙayyadewa ta yi tsanani, sai ya dubi abin da ke faruwa idan an yi jinkiri. A ƙasar Tailan akwai lungun Maya, a tsibirin Phi Phi Leh, wanda duwatsu masu tsayi suka kewaye. Fim ɗin The Beach na shekarar 2000, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki, shi ya tallata shi ga duniya. Kafin a farga, dubban mutane ne ke shiga kullum cikin jirage masu gudu, mafi yawan murjanin wurin kuma ya mutu. A watan Yunin 2018 hukumar gandun daji ta ƙasar ta rufe shi da niyyar 'yan watanni. Sai a Janairun 2022 aka sake buɗewa. A tsakanin nan ƙananan kifayen shak masu baƙin tsini a fiffike suka dawo suna haihuwa a cikin lungun. Amma dokar da aka buɗe da ita ta fi duk abin da masu jirage suka ƙi amincewa da shi a baya tsauri: jirgi ba ya shiga lungun sam, ana sauke mutane ta bayan tsibirin su tako da ƙafa, an hana iyo, kuma akan sake rufewa na wata biyu a kowace shekara. Masu sana'ar da suka ga ragin kwalekwale a matsayin zalunci sun wayi gari babu sana'ar kallon kifi a wurin gaba ɗaya.

Misalin da ya fi dacewa a yi koyi da shi yana cikin Zanzibar ɗin kanta. Chumbe ɗan tsibiri ne kudu maso yammacin birnin Zanzibar, mai hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina a 1904. Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ita ta jagoranci mayar da shi wurin kariya, gwamnati kuma ta ayyana murjanin gefensa na yamma a matsayin haramtaccen wuri a 1994. Ba a kamun kifi a can, ba a jefa anka, ko nutso da tukunyar iska ba a yarda da shi ba sai don bincike. Abin da baƙo zai yi shi ne wannan kwanciya a saman ruwa, cikin ƙaramar tawaga, tare da ma'aikacin da ke iyo a gefensa riƙe da tayar ceto. Ɗakunan kwana 'yan kaɗan ne, masu zuwan yini ma an ƙayyade su. An ƙirga nau'o'in murjani mai tauri kusan 200 a wannan ɗan yanki. Masu gadin farko tsofaffin masunta ne daga ƙauyukan da ke kusa, aka horar da su, aka sa musu albashi. Kuɗin baƙi kuma shi ke ɗaukar nauyin kai 'yan makarantar Zanzibar su ga murjani da idonsu kyauta, yaran da da yawansu a bakin teku aka haife su amma ba su taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba.

Bambancin ma'aikacin Chumbe da ɗan jagoran da ke jiran tukuici a albashi yake. Na farko yana iya cewa baƙo ya ɗaga ƙafarsa, ko ya koma cikin jirgi, ba tare da tsoron kwana da yunwa ba.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan ra'ayi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Idan aka ɗaga farashi aka rage kwalekwale, wa za a kora? Ba babban kamfani mai ofis da lasisi ba. Wanda za a kora shi ne masuncin da ya ci bashi ya sayi inji ya koma ɗaukar baƙi saboda kifi ya yi ƙaranci. Kuma idan aka haramta su a wani yanki don murjani ya farfaɗo, wanda kakanninsa ke jefa koma a wurin shi ke biyan kuɗin, baƙon da ya zo daga Turai ko Dubai ko Abuja kuma shi ke more kallon. Teku na iya komawa lambun masu hali, 'yan ƙasa su zama masu leƙe ta katanga. A Chumbe ma, shekarun farko ba su wuce ba sai da aka sha jayayya da masunta.

Sukar gaskiya ce, sai dai abin da take nunawa shi ne yadda ya kamata a yi ƙayyadewar. Barin ƙofa a buɗe ba ya ceton ƙaramin mai kwalekwale; jinkirta faɗuwarsa kawai yake yi, domin ranar da murjanin ya zama kufai, babban kamfani zai kwashe jiragensa ya koma wani tsibiri, shi kuwa nan zai zauna da bashin injinsa. Tambayar da ta dace ita ce wa ke riƙe da izinin shiga, kuma ina kuɗin shigar ke sauka. Idan guraben 80 ne, a ba ƙungiyoyin masu kwalekwale na ƙauyukan da ke daura da wurin kaso mafi tsoka, su riƙa juyawa a tsakaninsu. Kuɗin shiga kuma a riƙa bayyana nawa aka tara, nawa ya koma ƙauye, a liƙa a inda kowa zai gani. Ɗan ƙasa ya biya farashi dabam da na baƙo, kamar yadda aka saba a gandayen dajin Tanzaniya. Tarihin lungun Menai, a kudu maso yammacin Unguja, ya nuna masunta ba abokan gabar kariya ba ne. Mutanen ƙauyukan yankin Fumba ne suka fara kuka da masu kamun kifi da nakiya da miyagun taruna, kukan nasu kuma yana cikin abin da ya kai ga ayyana yankin mai faɗin kusan murabba'in kilomita 470 a matsayin wurin kariya a 1997. Wanda ya ga amfanin doka a tukunyarsa shi ke tsare ta da dare, lokacin da jami'in gwamnati ke barci.

A cikin wannan yanki na Menai ne Kizimkazi take, ƙauyen da ke da masallaci mai rubutun Kufi da ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Yau an fi saninta da dabbar dolfin. A da masunta na farautarta su yi tarkon shak da namanta. Da baƙi suka fara biya don su gan ta a raye, farautar ta mutu, kuma wannan nasara ce ta yawon buɗe ido da ba a cika ambata ba. Amma abin da ya maye gurbinta yana da nasa muni. Da an hango garke, sai kwalekwale su rufa masa da gudu, su sha gabansa, a ce wa baƙi su yi tsalle su faɗa. Masu binciken da suka bi waɗannan dabbobi sun gano cewa idan jirage na kusa, hutunsu da cuɗanyarsu na raguwa, yawon gudu kuma yana ƙaruwa. Akwai ƙa'idoji a rubuce game da tazara da gudu, sai dai tukuici ya fi su ƙarfi. Amurka ta ɗauki hanya mai tsauri a Hawai: tun 2021 laifi ne mutum ya kusanci wani nau'in dolfin na can ƙasa da yadi 50, a jirgi ko a iyo.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce tunda ɗumamar yanayi na nan tafe da abin da ya fi anka da tafin ƙafa. Gaskiya ne cewa idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba a lokacin bazara da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, murjani yakan kori gansakukar jikinsa ya yi fari fat, idan abin ya daɗe kuma ya mutu da yunwa. Hakan ta faru a Tekun Indiya a 1998, ta yi mummunar ɓarna a gaɓar gabashin Afirka, kuma a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da cewa duniya ta shiga irin wannan annoba karo na huɗu. Babu ɗan jagoran da zai iya sanyaya teku. Amma murjanin da ba a karya ba, wanda kifayen da ke cinye ciyawar da ke danne shi suna nan ba a kwashe su ba, ya fi saurin farfaɗowa bayan zafin ya wuce. Majinyacin da ke da ƙarfin jiki ya fi jure zazzaɓi. Abin da ke hannun hukumar ƙaramin tsibiri ke nan, kuma ba kaɗan ba ne.

Ko da an ajiye murjani gefe, akwai dalilin da ya shafi ran baƙon kansa, musamman wanda ya taso nesa da teku, wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne kududdufin damina ko kwamin iyo na otal. A Hawai, hukumomin lafiya sun daɗe suna nuna cewa a cikin baƙin da ke mutuwa a ruwa, wannan kallon kifi da bututu shi ne kan gaba. Abin tsoron shi ne yadda mutuwar ke zuwa. Sau da yawa babu ihu, babu fafutuka. Mutum yana kwance rub da ciki, fuskarsa a ruwa, bai motsi, daidai yadda mai jin daɗin kallo yake kwanciya. Ɗan jagoran da ke lura da mutum shida zai gane wanda ya daina kaɗa ƙafa. Wanda aka jibga wa ashirin da biyar, a tsakiyar kwalekwale talatin da farfelar injunansu ke juyawa, ba zai gane ba sai an zo ƙirga kawuna, idan ma ana ƙirgawa. Ga kuma ruwan da ke sauya hali idan teku ta fara janyewa, da iskar kusi da ke tasowa daga kudu a tsakiyar shekara ta dagula wuraren da suke lafiya lau a lokacin kaskazi. Tsohon masunci ya san waɗannan kamar yunwar cikinsa, kuma wannan sanin yana cikin abin da ake saye, ko da ba a rubuta shi a takardar talla ba.

Saboda haka mai niyyar zuwa yana da tambayoyin da suka fi “nawa ne?” amfani. Mutum nawa ne a jirgin, kuma ma'aikata nawa za su shiga ruwa tare da su? Akwai wanda zai zauna a sama yana kallo? Akwai rigar hana nitsewa daidai jikin kowa, har da yara? A ina za a ɗaure jirgin, a jikin tulun da aka kafa don haka ko anka za a jefa? Za a ba da rasit na kuɗin shiga yankin kariya? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, farashinsa zai ɗara na saurayin bakin ruwa, wataƙila ninki biyu. Mai yin tayin rabin kuɗi kuwa daga wani wuri ya rage: ko daga rasit ɗin da ba zai yanka ba, ko daga albashin yaron da zai shiga ruwa, ko daga yawan mutanen da zai cusa a kan bencin da aka yi wa mutum goma.